Dawar da Ba Ta Naɗe Ganye

Sunansa Ƙasimu Ɗantani Lambara. Na fara haɗuwa da shi a kasuwar Bodinga cikin kakar shekarar 1979, watannin da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ni kuwa a lokacin ban daɗe da fara haɗa baƙaƙen boko ba, da furfura a gemuna. Abin da ya tsayar da ni a gabansa ba hatsin da ya kasa ba ne. Wani busasshen ganyen dawa ne da ya shimfiɗa a kan buhu, ya danne bakinsa biyu da tsakuwa, yana kiran duk wanda ya gifta ya zo ya gwada faɗinsa.

"Aza hannunka, Malam," in ji shi. "In ka taɓa ganin irinai wani wuri, ka hwaɗa mani, in naɗe buhuna in tahi gida."

Na aza, ganyen ya fi tafina faɗi. Daga ranar muka saba. Abin da ke cikin wannan rubutu, wani da idona na gani, wani daga bakinsa na ji, wani daga bakin mutanen gidansa, kuma ban ƙara masa gishiri ba.

Dogon mutum ne siriri, mai tsayayyen wuya, wanda in ya ce e da safe, ko me yini ya kawo, e ɗin nan za ka tarar da la'asar. Dawar da yake noma tana da suna. A Lambara da ƙauyukan kewaye ana ce mata ta Ɗantani, da sunan mahaifinsa, domin a babban farin farkon shekarun saba'in, lokacin da gonaki suka koma fili, gonar Ɗantani ce ta fitar da abin da aka ci har aka sami na shuka. Farar tsaba ce mai baƙin ɓawo, wuyan zangarniyarta a lanƙwashe kamar ƙugiya. Ƙasimu ba shi da sarauta, ba shi da garke, bai je Makka ba. Wannan suna shi ne duk abin da gidansu ya mallaka, kuma ya ƙulla tsakaninsa da zuciyarsa cewa muddin yana numfashi, irin ba zai ƙare a gidan ba, sunan kuma ba zai faɗi ba.

Gonar doguwa ce. Kanta yana bisa jigawa, inda yashi ke shanye ruwa tun kafin hadari ya gama wucewa, gindinta kuma ya gangara cikin kwari, inda laka ke riƙe danshi har kaka. A tsakiya akwai gawo. Idan lokacin ɗebe iri ya yi, Ɗantani yakan rataya buhu ya bi gonar daga kai zuwa gindi, ya yanki zangarniya nan, ya yanki can, ta jigawa da ta kwari da ta ƙarƙashin gawo, babba da ƙarama, ko tsayawa dubawa ba ya yi. Tun Ƙasimu yana saurayi wannan aiki yake ƙona masa rai. A ganinsa sakaci ne, ko kuwa idon tsoho ne ya fara rauni. Ya taɓa tambaya, uban ya ce masa, "Duka ɗiyana na," ya ci gaba da yanka. Amsar ba ta gamsar da shi ba, amma ba a ja da uba.

Shi kuwa ya daɗe yana kallon ganye, irin kallon da ban ga wani manomi yana yi ba. Ya lura cewa dawar gidansu ba hali ɗaya gare ta ba. Akwai mai faffaɗan ganye, kore shar har yana ɗaukar baƙi, wadda ko rana ta take tsaka ganyenta a buɗe yake, ba ya ko rusunawa. Akwai kuma mai siririn ganye da wani farin gari a jiki kamar an barbaɗa mata toka, wadda da zarar ruwa ya yi jinkiri, rana kuma ta yi zafi, sai ta naɗe ganyenta kamar tabarma, ta tsaya tsuru-tsuru, ba za ta warware ba sai la'asar ta yi sanyi. Wata shekara ya gwada ta. Ya ɗauki tsabar zangarniya guda ta mai naɗewa, ya shuka rabi a kwari, rabi a jigawa. Ta kwari ta saki ganye mai faɗi har ka rantse ba ita ba ce. Ta jigawa ta ƙanƙance ganye, ta rage tsawo, ta yi saurin fitar da kai. Mai faffaɗan ganye kuwa duk inda ya kai ta kamanninta ɗaya. A nan ya yanke hukunci. Ɗaya dattijuwa ce mai magana ɗaya, ɗayar kuwa munafuka, mai duba fuskar shekara kafin ta san rigar da za ta sa.

Ɗantani ya rasu cikin daminar 1975, bayan ya yi shuka da hannunsa, kafin dawa ta yi ciki. A wannan damina Ƙasimu ya fara aikin da aka san shi da shi. Duk lokacin da ruwa ya ɗauke na ɗan lokaci, sai ya tsaga kaba sirara-sirara, ya cika aljihu, ya jira rana ta take, sannan ya shiga gona. Karan da ya tarar ganyensa a buɗe, ya ɗaura masa kaba a wuya. Wanda ya tarar ya naɗe, ya wuce shi. Da kaka, masu kaba kaɗai ake ɗebe wa iri, a rataye a ƙuryar rumbu. Sauran duk na tukunya ne.

Akwai al'adar da gidan bai taɓa karyawa ba, ta aika wa 'yar gida da ke aure dami daga gonar uba kowace kaka. Ƙasimu yana da ƙanwa, Atika, tana aure a Dingyadi. A kakar da uban ya rasu, bayan ya tsince masu kaba ya ajiye wa kansa, ya tattara daga ragowar ya ɗaure mata dami mai kauri, ya ɗora wa jaki. A zuciyarsa tuwo ya aika mata. Bai sake tuna damin ba.

Wata azahar cikin shekarun nan masu albarka, yana tsakiyar ɗaurin kaba, gumi na zuba, sai ga Maniru. Maniru taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, wanda al'ada ta ba shi dama ya faɗa masa duk abin da ya zo bakinsa.

"Kai, angon dawa!" ya ƙwala daga bakin gona. "Yau ma ɗaurin aure aka yi da tsakar rana? Ba ko goro?"

"Wuce ka ba ni wuri, mai kan ƙwarya. Aiki nika yi."

"Aiki? Mutane na gudun rana, kai kana bin ta. Ko jakina ya hi ka wayo, ga shi can cikin inuwa."

"Shi ya sa kunka yi kama, kai da shi." Ƙasimu ya kamo wani kara mai naɗaɗɗen ganye ya girgiza. "Dubi wagga. Rana ta ɗan taɓa ta, ta tattare awa kai in an kira gayya. Irinku na, masu kwana cikin wagga jam'iyya su tashi cikin waccan."

"Mu dai shinkafar kowa muna ci," in ji Maniru yana dariya. "Bar ta ta naɗe, Ƙasimu. Ni ma in rana ta yi zahi naɗewa nika yi, ga ni har yau ban mutu ba."

"Ba ka mutu ba, amma wa ka neman irinka?"

Shekarun kuwa suka ba Ƙasimu gaskiya, kuma babu abin da ya cuce shi kamar wannan. Ruwa yana sauka a kan kari, dawa tana ƙara kyau. Kafin a jima gonar ta zama kamar an yi ta da ma'auni, kara ɗaya, tsawo ɗaya, ganye ɗaya, tun daga jigawa har kwari. Mai naɗewa ta ɓace sarai, har aljihun kaba ya daina yi masa amfani, amma bai daina shiga da shi ba. A wani nunin amfanin gona da aka yi a Bodinga, zamanin da gwamnati ke ta kiran a koma noma, zangarniyarsa aka ɗaga sama aka nuna wa jama'a. Ya dawo gida ya ce wa matarsa Hasiya, da Baba yana raye da ya ga abin da irinsa zai iya in an tsaya an duba shi.

Sai 1983 ta shigo. Tun kafin damina abubuwa sun riga sun ɗaure. Sabulu ya ɓace daga kasuwa, taki sai wanda ya san wani, kowa kuma bakinsa na kan zaɓe. Ruwa ya zo a makare, ya yi kamar zai zauna, sannan ya ɗauke daidai lokacin da dawa ta kai ƙugu. Ƙasimu ya tsaya a kan iyaka da azahar yana duban gonakin maƙwabta, duk sun naɗe sun yi fari-fari kamar matattu, tasa kuwa a buɗe, kore shar, tana sheƙi. Ransa ya yi sanyi. Ya ce wa duk mai wucewa ya tsaya ya ga bambanci.

Bai daɗe yana faɗin haka ba. Faffaɗan ganyen nan da yake alfahari da shi ya zama kamar faranti da aka miƙa wa rana, tana ɗebe ruwan jikin karan tun daga hantsi har yamma. Bakin ganye ya fara ja, jan ya ci zuwa tsakiya, ganyen ƙasa suka bushe suna ƙara in iska ta taɓa su. Na maƙwabta da ya raina kuwa, la'asar na yi sai su warware kamar ba su ba, gobe su sake naɗewa. Da ruwa ya dawo daga baya, nasu suka miƙe suka ci gaba. Nasa na jigawa ba su tashi ba. Kwari kaɗai ya ba shi abin da ya rataya a rumbu.

Ya ce laifin shekara ne. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa a kasuwa, ya faɗa mini ni ma, da irin muryar da ba ta neman a amsa. Shekara guda ba ta isa a yi wa iri hukunci ba, in ji shi.

Sojoji suka karɓe mulki a ƙarshen shekarar, aka shiga zamanin bin layi a kan madara da shinkafa, damina ta 1984 kuma ta zo cikin azumi. Ruwan fari ya sauka, aka yi shuka da baki a bushe, tsiro ya fito, rana ta cinye shi. Ya sake shukawa. Hasiya, wadda ba ta saba sa baki a maganar gona ba, ta tare shi a bakin rumbu da ta ga ya sauko da zangarniyoyin ƙarshe.

"Malam, ka bar ko tahi guda cikin gora. Ba a san gobe ba."

"Cikin kwari za ni sa ta. Kwari bai taɓa ba ni kunya ba."

"Bara ma hakanan kac ce da jigawa."

"Hasiya, tuwonki na taɓa shiga in gaya maki yawan kuka?"

Ta koma ɗaki. Ya shuka duka.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi ɗacin kwanakin rayuwarsa, kuma ya sha gaya mini cewa da a ce dawar ta mutu tun tana tsiro da ya fi masa sauƙi. Ba ta mutu ba. Ta tashi, ta yi kyau, ta saki faffaɗan ganyenta kamar kullum, ta yi ciki. Sannan sama ta rufe. Aka fita roƙon ruwa, aka sake fita. Hadari yakan haɗu a gabas har a ji ƙamshin ƙasa, sai iska ta watsa shi. Ƙasimu ya koma ɗaukar ruwa da jaki daga rijiyar gari yana zuba wa gindin 'yan kunyoyi, har mata suka yi ƙorafi cewa rijiya na ja baya, mutane ba su sha ba ana shayar da kara, aka aiko dattawa suka ba shi haƙuri ya bari. Ya bi yana tsinke ganyen ƙasa da hannu don ya rage wa kara nauyi. Wata azahar Hasiya ta kai masa ruwa ta tarar da shi tsaye gaban wani kara, ya kama ganyensa yana naɗe shi da yatsu, yana saki ganyen na warwarewa, yana sake naɗewa.

"Naɗe mana," yake cewa. "Ke ba ki ganin rana? Naɗe!"

Ba ta naɗe ba. Shi ya raba ta da wannan hali, kara bayan kara, da hannunsa da kabarsa, kuma a wannan azahar ya san haka, ko da yake bai furta ba. Zangarniya ta fito, amma da ya murza ta a tafi sai ƙaiƙayi. Babu ido ko ɗaya da zai tsira.

Ranin ya yi tsanani. Samari suka watse cin rani, gidaje suka koma kan garin rogo da jar masarar agaji, Ƙasimu ya sayar da jakin. Amma ba yunwa ce ta rame shi ba. Ƙuryar rumbun nan ce, inda igiyar rataye iri ke lilo ba komai a jikinta. Ya daina zama a dandali, domin ya tsani tausayi fiye da dariya.

Ana nan sai Maniru ya yi sallama wata hantsi, ya zauna a zaure ba tare da tsokana ba, abin da ya sa Ƙasimu ya tsargu. Ya zaro wani abu daga aljihun riga ya ajiye a kan tabarma. Zangarniya ce ƙarama, ba ta kai rabin irin wadda aka ɗaga a Bodinga ba, amma cike take da ido. Farar tsaba, baƙin ɓawo, wuya a lanƙwashe.

"Ina kas samo ta?"

"Dingyadi. Bayan gidan Atika. Duk unguwarsu ita ɗai ta yanki abin kirki bana."

"Ƙarya kaka yi. Ban taɓa ba ta iri ba."

"Ba ka ba ta iri ba, ka ba ta tuwo. Tuwon na ya tsiro." Maniru ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Munafukarka ta, angon dawa. Wadda kas saki, tana can ta yi ɗiya."

Ƙasimu ya ɗauki zangarniyar ya fita ya jefa a kan rufin zaure, ya ce ba zai je roƙon irin ubansa a gidan suruki ba. Ya riƙe wannan magana har sanyi ya wuce, bazara ta kama. Hasiya ba ta yi masa gardama ba. Ta dai sa aka sauko da zangarniyar, ta rataye ta a igiyar nan ta ƙuryar rumbu, inda dole ya gan ta duk lokacin da ya leƙa. Da gajimare suka fara taruwa, maƙwabta suka fara gyaran gona, wata safiya ya sa babbar rigarsa ya kama hanyar Dingyadi bai gaya wa kowa ba.

Na'Allah, mijin Atika, ya tarbe shi a zaure da girmamawa, aka gaisa aka jajanta shekara, sannan ya yi masa iso ciki ya ba su wuri. Atika ta shimfiɗa masa tabarma, ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo fura. Ya tambayi yara, ya tambayi jikinta, ya tambayi rijiyarsu, ya tambayi duk abin da ake tambaya, ya rasa ta inda zai shiga. Ita ta ɗauke masa.

"Yaya, tun da ba biki ba mutuwa, na san ba hura ta kawo ka ba."

Ya ajiye ludayi. "An ce kina da dawar Baba."

"Ina da ita."

"Ya anka yi?"

"Damin da ka aiko mani shekarar da yar rasu. Na kwance shi zan sussuka, sai nit tuna shukar hannunai ta ƙarshe ta. Na kasa ci, Yaya. Na roƙi maigida ya ba ni bayan gida, anka shuka mani."

"To wa ka zaɓa maki iri?"

"Zaɓe? Ni mi nis sani da zaɓe? Yadda nig ga Baba na yi, hakanan nika yi. In bi in yanki nan in yanki can."

"Ba ki duba ganye?"

"Ganye awaki ka dubawa."

Maganar ta sauka masa kamar mari, ko da yake ba da nufi ta faɗa ba. Ya nemi ta nuna masa karan da ta jingine a bayan ɗaki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murza busasshen ganye a yatsu. Ga siraran nan masu farin gari. Ga matsakaita. Can tsakiyarsu har da mai faffaɗan ganye, dattijuwarsa, tana nan a raye cikin 'yan'uwanta. Duka 'ya'yan Ɗantani, ba wadda ta ɓace. Ya daɗe a tsugune.

Atika ta fito da ƙwarya cike da tsaba ta ajiye a gabansa. "Irin Baba na, ba ni hana ka. Kai ka da gonatai. Abu guda nika roƙo, ka bar kabarka ta yi igiya."

"Ke za ki koya mani noma?"

"A'a, wane ni. Roƙo na."

Ya juye tsabar a jakarsa, fuska a murtuke. Yana ɗaure baki sai ta ƙara da cewa ya yi sa'a da ya zo yanzu, domin saura kaɗan ta ƙare. Ya ɗago kai ya tambaye ta ina sauran. Ta ce tun kaka mutane ke sallama da ƙoƙo a hannu, daga Dingyadi, daga Mandera, har daga bakin Bodinga, kowa gonarsa ta ƙone, ita kuwa ba ta iya cewa babu alhali akwai.

"Kin raba irin gidanmu ga duniya?"

"Yaya, Baba ma ya raba, shekarar babban hwari."

"To kin gaya musu sunanta?"

"Na gaya musu. Manyan sun san shi. Yaran dai sai su ce, wa a Ɗantani? Ni sunka gani, ni sunka sani."

Bai gama furar ba. Ya yi sallama da Na'Allah a tsaye, ya kama hanya.

Daminar 1985 ta zo da sauƙi, ko da yake ba ta rasa nata jinkirin ba. Ƙasimu ya shuka tsabar Atika daga jigawa har kwari, ta fito yadda ya tsana, wata doguwa wata gajera, gona kamar kan da wanzami ya bari a rabi. Da ruwa ya ɗan ɗauke a tsakiyar damina, ya tashi da azahar bisa sabo, hannunsa ya kai aljihu, ya tarar da kaba a ciki, bai ma san lokacin da ya tsaga ta ba. Ya shiga gona. Rabinta ta naɗe ta tsaya tsuru-tsuru, can da can kuma ga masu buɗaɗɗen ganye suna kiransa. Ya tsaya gaban ɗaya, ya zaro kaba, ya zagaya ta a wuyan karan. Sannan ya tuna murzar ƙaiƙayi a tafinsa. Ya warware, ya yi tsaki, ya fita. Daga ranar ya daina zuwa gona da azahar. Yakan je da sassafe ko da la'asar, lokacin da kowane ganye a buɗe yake, domin ya ce idonsa ba zai iya ɗaukar abin da hankalinsa ya riga ya yarda da shi ba.

Da kaka ya rataya buhu, ya bi gonar daga kai zuwa gindi, ya yanki nan ya yanki can, yana kawar da kai kamar mai shan magani mai ɗaci. Igiyar rumbu ta sake yin nauyi. Iri ya dawo gida.

Sunan ne bai dawo ba. Na same shi a kasuwar Bodinga a daidai wurin da na fara ganinsa, ya kasa dawa, babu ganye a kan buhu. Ba shi kaɗai ke da ita ba a layin. Na hango farar tsaba mai baƙin ɓawo a gaban mutanen Dingyadi da na Mandera. Muna gaisawa sai wani magidanci ya tsaya, ya ɗebi tsaba ya watsa a baki ya tauna.

"Baba, wagga ta Atika ta?"

"Ta Ɗantani ta."

"A'a, ta Atika nika nema, wadda ba ta jin hwari."

"Ita ta! Ubanmu guda da Atikar. Sunanta ta Ɗantani tun babban hwari!"

"To, Allah shi ba ka haƙuri," in ji mutumin, ya zubar da sauran tsabar a buhu. "Ni dai ta Atika anka ce in sawo." Ya matsa gaba, ya saya a wurin mutumin Dingyadi.

Ƙasimu ya bi shi da ido har ya ɓace cikin jama'a. Ya ce mini tun safe haka ake yi, kuma da ya amsa sunan da suke so da tuni ya naɗe buhunsa, amma ba zai amsa ba ko za a tashi kasuwa bai auna mudu ɗaya ba. Na ce masa ai irin yana raye, yana gonarsa, yana gonakin da bai taɓa takawa ba. Ya dube ni da jajayen idanu.

"Malam, na san ta rayu. Na san dalili kuma, ba sai an gaya mani ba. Amma dubi abin da ya rage mani: gona wadda ba ni iya kallo da rana, da dawa wadda ba ta amsa sunan ubana."

Wata mata ta tsaya ta tambaya ko ta Atika ce. Ya gyara zama, ya ɗaga murya, ya fara yi mata bayani tun daga babban fari. Na bar shi yana yi, ita kuwa tana waige-waigen buhu na gaba.

Wannan ita ce haɗuwarmu ta ƙarshe, ranar Lahadi, 17 ga Nuwamba, 1985.